Na kusa gama digiri na biyu a saikoloji, ina zan nufa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin ilimin halayyar ɗan Adam, saura zango ɗaya in fara kundin bincike. A gida kowa cewa yake zan zama likitar mahaukata, ni kuwa ban ma tsai da shawara ba ko asibiti zan nufa ko koyarwa. Me ya kamata in yi kafin in gama? Daga wata ɗaliba a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Fara da warware wa mutanen gida zance. Likitan ƙwaƙwalwa sai da ya yi karatun likitanci sannan ya ƙware, shi ke rubuta magani. Ke aikinki gwaji ne da sauraro da jinya ta hanyar tattaunawa, ba ki da hurumin rubuta ƙwaya. Kuma yawancin masu zuwa gabanki ba su taɓa tsince-tsince a bola ba: matar da barci ya ƙaurace wa tun da ta haihu, saurayin da kodin ya kama, yaron da ya ga an kashe mahaifinsa.

Idan asibiti kike so, duba takardar shigarki tun yau. Fannin yana da rassa, akwai na jinya, na ma'aikatu, na zamantakewa, na girman yara. Wanda bai bi reshen jinya ba, bai kuma yi aikin koyon sana'a a ƙarƙashin ƙwararre ba, ba za a damƙa masa mara lafiya ba ko da makinsa ya kai ina. Ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a garinku, akwai irinsa a Kware ta jihar Sakkwato da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. Ki karɓi wasiƙa daga sashenku ki je ki zauna ki kalli yadda ake karɓar mara lafiya. Wata uku a can zai gaya miki ko zuciyarki za ta ɗauka. Na ga ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa da suka gane a makon farko cewa kukan mutane ya fi ƙarfinsu, kuma ba abin kunya ba ne.

Koyarwa kuwa, digiri na biyu zai shigar da ke a matsayin mataimakiyar malama, amma hawa sama sai da na uku. TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na ɗaukar nauyin ƙarin karatu, sai dai ga wanda ya riga ya zama ma'aikacin makarantar gwamnati. Ki kuma sa yajin aiki a lissafi. Na 2022 wata takwas ya ci.

Inda nake so ki fi zuba ido shi ne kundin nan. Ɗalibai da yawa maudu'in da za a gama da wuri suke ɗauka, su raba takardun tambayoyi ga 'yan ajinsu, a sa hannu, kundin ya kwanta a kabad. Alhali ga giɓi a gabanmu: akasarin ma'aunan da muke gwaji da su da Turanci aka tsara su. Bahaushiya ba ta cewa tana da ciwon baƙin ciki, cewa take kaina na zafi, gabana na faɗuwa, ko an yi mini sammu. Kalmar damuwa ita kaɗai ta haɗe cututtuka biyu ko uku da littafi ya rarrabe. Kafin mara lafiyar ta iso gare ki ma ta sha ruƙiyya da hayaƙi, in kika raina wannan ba za ta dawo ba. Ɗalibar da ta mayar da ma'auni ɗaya zuwa Hausa, ta gwada shi a kan marasa lafiya na gaske har ya tabbata, ta yi abin da asibiti da jami'a duk za su nema.

Aiki dai akwai, albashin ne bai taka kara ya karya ba. Binciken da aka yi da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, NDLEA na da cibiyoyin gyaran hali, ƙungiyoyin agaji a Borno na neman masu jin Hausa da Kanuri. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958.

Wajen zaɓen mai duba aikinki, kada girman suna ya ruɗe ki. Tambayi waɗanda suka gama a hannunsa makonni nawa babi ke yi a teburinsa kafin ya dawo.