Amsa: dashen ɓargo daga ɗan'uwa ga mai kansar limfoma (kansar kaluluwa)

'Yar'uwa, kin tambaya ko ƙaninku zai iya ba yayanku ɓargo tunda limfomar tasa ta dawo bayan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. Eh zai iya, ana yi, amma sai an gwada jininsu su biyun an ga ko HLA ɗinsu, wato alamomin gado da ke jikin ƙwayoyin halitta, ya zo ɗaya, kuma ba rukunin jini ake nufi ba, wannan ko ya bambanta ana dashen. Duk wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya damarsa 1 cikin 4 ce, don haka ku kai shaƙiƙai duka a gwada, kar ku tsaya kan mutum ɗaya. 'Yan uba da wuya su dace gaba ɗaya, sai dai yanzu ana yin dashen rabin dacewa.

Sharaɗin da na gani da idona lokacin da na yi jinyar ɗan kawuna a Indiya shi ne likitoci ba sa shiga dashe sai ciwon ya lafa da magani tukuna, mu sai da aka ƙara masa kemo kaluluwar wuyansa ta sace sannan aka sa rana. Ƙanwarsa da ta bayar allura aka yi mata kwana 5, ta yi ta kukan ciwon ƙashi, sannan na'ura ta tace ƙwayoyin ɓargon da za a dasa daga jinin hannunta, ba tiyata. Wahalar tana bayan dashe, don sabon ɓargon kan juyo ya yaƙi fata da hanji da hanta, shi dai ƙuraje suka feso masa har tafin hannu. Ki tambayi likitan yayanku ko dashen ƙwayoyin jikinsa shi kansa zai fi masa, don a limfoma galibi da shi ake farawa. Allah ya ba shi lafiya.