Amsa: me ya sa ƙarfen baranda yake sama?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa mason da ke maka gini a unguwar Zariya ta Maradi ya ɗaura ƙarfen barandarka a sama, alhali na dal ɗin ɗaki, wato rufin kankare, a ƙasa yake. Ka ƙyale shi, daidai ya yi.

Kankare gwani ne wajen jure matsi, amma idan aka ja shi, abin da yake iya ɗauka bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ba. Shi ya sa ake sa ƙarfe inda ja yake. Lanƙwasa karan dawa ka gani: bayan lanƙwasar ne ke fara tsagewa. Dal ɗin ɗaki na zaune kan bango biyu, tsakiyarsa ke lotsawa, ƙasansa ke buɗewa. Baranda kuwa gefe ɗaya ke riƙe da ita, bakinta na rinjaya ƙasa, sai ja ya koma sama, daidai inda ta haɗu da bango.

Abin da zan ce ka sa wa ido shi ne ranar zubi. Leburori na taka ƙarfen ya nutse ƙasa ba wanda ya lura, kuma nan baranda ke karyewa. A sa masa matashi, wato abin da zai tallafe shi daga ƙasa, a bar kankare kamar santimita 3 a kansa saboda tsatsa.

Kada kuma a ƙara tsawon da barandar ta fito daga bango da ka. In ka ninka shi, ƙarfin lanƙwasa a gindinta ya ninka huɗu. Da zafin Maradi, a yi ta ba ta ruwa mako guda aƙalla, katakon tallafi kuma ya zauna har kwana 28.