Amsa: me ya sa Turawa suka ware unguwarsu a Kaduna?

Malam, kan tambayarka ta me ya sa Turawa suka yi nesa da mu, sauro ne, ko dai in ce da shi suka fake. Da hedikwatar Arewa ta taso daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, tsarin Gwamna Lugga ya ce a bar fili yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa, wato GRA, da unguwar 'yan ƙasa, wai sauron da ya ciji yaranmu kar ya kai musu zazzaɓi, alhali kuku da boyi suna kwana a bayan gidansu. Mu kuwa duba-gari aka turo mana. Kakata ta ce har randa yake leƙawa, in ya ga tsutsa sai tara, shi ya sa da an hango shi kowa ke tuntsurar da ruwa.