Likita Ya Amsa: Ciwon Gwiwa da Toshe Jijiyoyin Jini

Tambaya: Likita, shekara uku ke nan gwiwata ta hana ni sujada, a kan kujera nake salla. Ɗana ya ce akwai aikin da ake toshe jijiya ciwon ya tafi. Gaskiya ne? Daga wata Hajiya, Jekadafari, Gombe.

Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Ɗanki bai yi ƙarya ba, amma da sauran bayani. Idan gaɓa ta daɗe tana kumbura, wasu ƙananan jijiyoyin jini da ba a bukata sukan tsiro a cikinta, jijiyoyin jin zafi kuma su biyo su. Waɗannan jijiyoyin jinin ake toshewa. Likita zai zura siririn bututu ta matsematsi, yana kallon hoto har ya kai gwiwa, sannan ya saki ƙwayoyi ƙanana kamar gari. Ba yanka, ba sa barci, galibi ranar ake komawa gida. Wani likitan Japan, Yuji Okuno, ne ya fito da hanyar, ya wallafa sakamakon gwiwa a 2015.

Sai dai aikin ba ya mayar da guringuntsin da ya cinye. Wasu sun samu sauƙi sosai, amma a wasu gwaje-gwajen waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba kusan ɗaya suka fito. Ni dai ba zan ce ki sayar da fili saboda shi ba. Ki fara da hoton gwiwa da sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, a rage ƙiba in akwai.

Tambaya: Ina da sikila, ƙuguna na ciwo har ina ɗingishi. Zai yi mini? Daga wani ɗalibi, Azare.

A'a, ɗana. Matsalarka akasin wannan ce: jini ne ba ya isa kan ƙashin ƙugu, shi ya sa yake lalacewa. Ka ga likitan ƙashi da wuri.

Tambaya: Kullum sai na sha diclofenac biyu kafin in fita gona. Akwai illa? Daga wani manomi, Kumo.

Akwai, Malam, kuma wannan ta fi damuna. Sau nawa aka kawo mana dattijo yana bayan gida baƙi kamar kwalta, a aljihunsa ƙullin ƙwayoyin kemis ja da fari a leda, ba suna? Diclofenac da ibuprofen suna jawo gyambon ciki, suna kuma cin ƙoda a ɓoye, balle ga mai aiki cikin rana ba ya shan ruwa. Ka dakata da shi, a auna maka ƙoda da hawan jini. Na shafawa ya fi sauƙin illa. In kuwa gwiwar ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, kada ka kwana, ka taho asibiti.