Su wa ake kira Panj Pyare a addinin Sikh?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Panj Pyare, wato “ƙaunatattu biyar”, sarakuna ne ko limamai masu gado. Ko ɗaya.

A bikin girbi na Vaisakhi na 1699 a Anandpur da ke Indiya, Guru Gobind Singh, jagoran addinin Sikh na goma, ya zare takobi ya ce wa zai ba da kansa saboda addini. Biyar suka miƙe ɗaya bayan ɗaya: Daya daga Lahore, Dharam daga Hastinapur, Himmat daga Puri, Mohkam daga Dwarka, sai Sahib daga Bidar. Cikinsu har da wanzami da ɗan garuwa, a ƙasar da asali ke raba mutane. Aka dama ruwa da sukari da takobi mai kaifi biyu a kwanon ƙarfe, suka sha, kowa ya ɗauki sunan Singh. Daga nan Guru da kansa ya roƙe su su shayar da shi. Nan ne tushen shugabancin haɗin gwiwa a addinin, domin malami ya zama almajirin almajiransa.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗauka cewa abin ya ƙare da su. Uku daga cikinsu sun rasu a yaƙin Chamkaur, amma har yau ana zaɓen mutum biyar da suka sha wannan ruwa su shigar da sababbi ta hanyar shayar da su irinsa, su yanke horo, su shige gaban jerin gwano. Rehat Maryada, kundin ƙa'idojin mabiya Sikh, ya yarda mace ta shiga ciki, ko da yake ana gardama a kai.

In aikin makaranta kake yi, tuntuɓi mai karatun littafin Sikh a gurdwara, wato wurin ibadarsu, ko malamin tarihin addinai.