Me ya kai bukukuwan Sikotlan ƙasashen waje?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga wasu maza a talabijin ɗaure da zane mai ratsi-ratsi iya gwiwa, suna busa algaita mai jaka, suna jerin gwano a birnin New York, aka ce bikin mutanen Sikotlan ne. Me ya kai bikinsu wata ƙasa, kuma jama'ar can sun san ma'anarsa kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka gani jerin gwanon Ranar Tartan ne, wadda ke faɗowa ran 6 ga Afrilu, tartan kuwa shi ne sunan yadin nan mai ratsi a tsaye da kwance. An zaɓi ranar ne domin tunawa da Sanarwar Arbroath ta 1320, wato wasiƙar da manyan Sikotlan suka aika wa Paparoma suna jaddada cewa ƙasarsu ba ta ƙarƙashin Ingila. Sai dai ba a gida aka ƙirƙiro bikin ba. An fara shi ne a 1987 a lardin Nova Scotia na Kanada, wanda ma'anar sunansa ita ce Sabuwar Sikotlan, sannan Majalisar Dattawan Amurka ta amince da ranar a 1998.

Asalin lamarin ƙaura ce. A ƙarni na 18 da na 19 masu filaye sun tashi ɗimbin manoma daga yankin tsaunuka domin su mayar da gonakin wurin kiwon tumaki, wasu kuma talauci da neman abin yi ne suka fitar da su, suka watsu a Kanada da Amurka da Ostareliya da New Zealand. Duk inda suka sauka sukan kafa ƙungiyar taimakon juna, kamar wadda aka kafa da sunan Waliyyi Andrew, wanda mutanen Sikotlan ke ɗauka a matsayin waliyyin ƙasarsu, a Charleston ta Amurka tun 1729 domin agaza wa mabuƙata. Irin waɗannan ƙungiyoyi ne suka raya ranar waliyyin, 30 ga Nuwamba, shekaru aru-aru, alhali ita Sikotlan ɗin sai a 2007 ta sa ranar cikin jerin hutun bankuna.

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Daren Burns, 25 ga Janairu, ranar haihuwar mawaƙi Robert Burns a 1759, inda ake taruwa a karanta waƙoƙinsa, a ci haggis, wato kayan cikin tunkiya da ake dafawa da hatsi da albasa. A Amurka tilas ake sauya girkin, domin tun 1971 doka ta hana sayar da huhun dabba a matsayin abinci.

Game da sanin ma'ana, a ganina da sauran aiki, domin ranakun ba su kai Ranar Waliyyi Patrick ta mutanen Ireland suna ba, kuma galibin 'yan kallo kiɗa da tufafi kawai suke gani. Wannan yana damuna, saboda tufafin suna ɗauke da tarihi mai ɗaci. Dokar da Birtaniya ta fara aiki da ita bayan tawayen da ya ɓarke a Sikotlan a 1745 ta hana mazan tsaunuka sa su, wanda ya karya ta kuwa ɗaurin wata 6 ne a karon farko, idan ya maimaita a kai shi ƙetare shekara 7. Ba a soke ta ba sai ran 1 ga Yuli, 1782, shi ya sa Ostareliya da New Zealand suke yin tasu Ranar Tartan ran 1 ga Yuli.