Injin Lycoming a hancin jirgin CH 701? Ka ɗora shi a kan sikeli tukuna

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka: kana da ƙaramin jirgin sama Zenith CH 701 mai injin Rotax 582, ka samu babban injin Lycoming O-320 na hannu da araha, kana so ka dasa shi don ka riƙa tashi daga gajerun filayen daji. Wallahi ba zan ba ka shawarar haka ba.

Ni ma 701 na harhaɗa a garejin gidana nan Amurka, kuma da 582 ɗin na fara, mai ƙarfin doki 65. Chris Heintz, wanda ya zana jirgin a 1986, ya yi shi ne mara nauyi. Kamfanin Zenith ya ƙayyade inji kada ya wuce doki 100, nauyinsa da duk tarkacensa kada ya haura kilo 84. Shi kuwa O-320 ya wuce kilo 110 tun ba a sa masa farfela ba. Duka jirgin, da kai da mai da kaya, kilo 500 ne iyakarsa. To me ya rage maka ka ɗauka? Ga shan mai, wajen lita 30 a awa.

Amma babbar matsalar ita ce wurin da nauyin yake zama: can gaba a hanci. Lokacin da na koma injin Rotax 912ULS mai doki 100, wanda yake cikin ƙa'ida, na sa sikeli uku ƙarƙashin tayoyi, na ga tayar gaba ta ɗauki fiye da yadda na zata. Sai da na mayar da batir baya lissafin ya daidaita. Wani abokina da ya sa injin mota mai nauyi bai yi wannan awon ba. Ina tsaye bakin fili ya zo sauka, ya rage wuta, ya ja sandar tuƙi har cikinsa, hanci ya ƙi ɗagowa. Tayar gaba ce ta fara dukan ƙasa, ƙarfenta ya lanƙwashe, farfela ta kwashi ciyawa. Allah ya kiyaye, ya fito lafiya, amma har yau ina jin ƙarar nan.

Ka tuna a daji tashi rabin aiki ne. Ƙarin nauyi yana sa ka zo sauka da gudu, filin da kake shiga jiya ya yi maka kaɗan yau.

In ƙarfi kake nema saboda zafi ko tudu, 912ULS ya ishe ka, ka haɗa da doguwar farfela mai jan tashi, ka cire duk abin da ba dole ba. In kuwa ranka na kan babban inji, nemi jirgin Zenith CH 750, an yi shi don ya ɗauki inji mai nauyi. Duk injin da ka sa, a dokar FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, babban canji ne: za ka koma gwajin tashi na aƙalla awa 5, ba fasinja. Turo mana takardar awon jirginka mu duba tare.